Surukata Ta Dawo a Kaset

Farfesa, kai ka tono surukata daga kabarinta ka dawo da ita ta zauna min a kan darduma. Kai ne, kada ka waiga. Kada ka ce jami'a ce, kada ka ce kwamiti ne, kada ka ce haka ilimi ya ce. Da ɗan yatsanka ka danna, ina layin gaba ina kallonka, sanye da sabon mayafin da na saya saboda bikinka.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matar da ke da shagon buga takardu a bakin titinmu ita ke buga wannan, ina faɗa tana bugawa. Ta ce in sassauta harshe, wai kai babban mutum ne. Na ce ta buga yadda ya fito. Ai a bakinka muka ji cewa ba a yanke komai.

Bari in faro daga tushe, don waɗanda suka san ka da tumbi da tabarau su ji yadda mu muka san ka.

A gidanmu, wato gidan iyayen mijina, akwai babban ɗaki da mata ke taruwa duk yammacin Alhamis a yi begen Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mace ɗaya ke jan baiti, saura su yi amshi. Mai jan baiti tana zama a kan wata koriyar darduma kusa da taga, da matashi a bayanta. Tun da aka kawo ni gidan, Inna, uwar mijina, ita ce a kan dardumar nan, da sandarta a gefe. Sandar ba ta dogarawa ba ce, ƙafar Inna lafiya lau. Ta zungurin wadda ta kauce a amshi ce. Haƙarƙarina na hagu har yau idan hadari ya haɗo sai ya tuna da ita.

Inna ce ta sa min suna Ƙyaure. Wai muryata kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Duk da haka kullum ni take zaunarwa a damanta, inda sanda ke kaiwa ba sai ta miƙe ba.

Sai ga ka wata Alhamis. Ɗan makaranta, siriri, wuya kamar mariƙin ludayi, da rikoda rataye a kafaɗa ta rinjaye ka kana tafiya a karkace. Ka yi sallama ka ce kana binciken waƙoƙin ɗariƙa da na gargajiya. Inna ta ce me suka sata da za a bincike su? Ka yi dariya har rikodar ta kusa kayar da kai. Ba a shigar da namiji ɗakin mata, sai ka zauna a bakin ƙofa bayan labule, ka ɗaure makirufo a jikin gora ka zuro shi ta ƙasa. Duk wadda ta buɗe baki sai ta ga gora ta nufo ta kamar za a tsinko mangwaro.

Kafin a ce me, Inna ta mayar da kai ɗa. Ɗan Kaset take ce maka. Ni nake dafawa, ni nake zubawa, ita take cewa, "Ci, ɗana, ka ƙara." Kai kuma kana ci kana tambaya. Inna wa ya koya miki? Inna a ina kike jan numfashi? Inna me ya sa kika ɗaga murya a nan ba a can ba? Mutum yana begensa tsakaninsa da Ubangijinsa, kai kana duba agogo kana auna tsawon numfashinsa.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, kunne kam Allah ya ba ka. Ranar da ka ce wa Inna karin babban begenta karin waƙar niƙa ne, irin wadda mata ke yi a kan dutse, ta ɗaga sanda za ta rafka maka. Sai ka rera mata su biyun a jere da wannan muryar taka ta ɗan akuya. Ta sauke sandar, ta ce kakarta da shi take niƙa. A kan wannan magana ɗaya ka gina littafi, littafin ya gina maka gida. Ban ce ba gaskiya ka faɗa ba. Na ce dai gida ne mai bene.

Yanzu ga ranar da nake so ka tuna, ko da yake na san ba ka manta ba.

Muna da wata doguwar waƙa, Tafiya muke ce mata. Mai bege ne ya yi sallama da iyalinsa ya kama hanyar birnin Ma'aiki. Ya keta daji, ya keta rairayi, ya shiga jirgin ruwa, iska ta taso masa a tsakiyar teku, ya tsira, ya taka ƙasa, ya hango hasumiya, ya iso ƙofa ya cire takalmi ya yi sallama. Waƙa ce mai cin numfashi, ba kullum ake yin ta ba. Kuma tana da doka ɗaya da Inna ta gada: idan an fara ta ba a ajiye ta sai an kai matafiyin ƙofa. Ba a barin bawan Allah a hanya.

Ka nace sai ka ɗauki Tafiya, kuma ka ce kana son ta fita tas, babu hayaniya. Don haka ba ranar Alhamis aka yi ba. Ka sa aka kori yara, aka kashe fanka, aka sauke agogon bango aka kai shi madafa don kada ƙarar bugunsa ta shiga. Har zakaran maƙwabta ka roƙa a rufe a kwando. Mata kuwa ka ce a bar guda ɗaya kawai ta yi amshi. Inna ta nuna ni da sanda. Ka ga da hannunka ka kori duk wani mai shaida, ya rage daga ni sai ita sai kai.

Ka danna rikoda, ka gyara murya, ka ce, "Inna, kafin mu fara, wa kike ganin zai gaji dardumar nan bayanki?"

Inna idan ta ga na'ura sai bakinta ya ƙara kaifi, kamar yadda wasu ke ƙara ado idan za a ɗauki hoto. Ta ce, "Wa? Wannan? Ƙyaure? Ai gara in bar wa kyanwar gidan nan, ita ko ba komai kukanta yana korar ɓera. Wannan idan ta ja baiti mala'iku ma toshe kunne za su yi. Ɗana ne ya kwaso min ita, ni ban aike shi ba."

Ka yi ƙyaƙyaƙya a bayan labule. Ni na sunkuyar da kai, na saba.

Ta ɗauki Tafiya. Ranar muryarta kamar an wanke ta. Muka bar gida, muka keta daji, muka shiga jirgi. Iska ta taso, jirgi yana tangaɗi, matafiyi ya ɗaga hannu yana kiran sunan wanda yake bege. Daidai nan tari ya sarƙe Inna. Ta yi tari, ta sake, sai muka ji ƙas! Rikodarka ta tsaya. Zaren kaset ya harɗe a ciki. Ka manta da labule, ka faɗo cikin ɗaki kana, "Inna dakata, don Allah dakata," ka zaro kaset da zarensa yana reto kamar hanjin kaza, ka zura biro a ramin kana juyawa.

Inna ba ta ko kalle ka ba. Ta buɗe baki ta ci gaba, muryar ta ƙi fitowa. Ta sake gwadawa, iska kawai. Ga mutum a tsakiyar teku. Sai na ji sanda a haƙarƙarina.

"Ɗauka," in ji ta.

Na ɗauka. Ban taɓa jan baiti a gabanta ba, amma shekarun da na yi a damanta ba gyangyaɗi nake yi ba. Na fitar da shi daga ruwa, na taka da shi ƙasa, na nuna masa hasumiya. Inna tana min amshi da raɗa, da abin da ya rage mata na murya. Da na kai shi ƙofa ya cire takalmi ya yi sallama, na ɗago kai, sai na ga fuskar Inna sharkaf da hawaye. Ta share da gefen mayafi, ta juya wajenka, kana durƙushe da biro a cikin kaset.

Ta ce, "Ɗan Kaset, bayan raina ita za ta zauna a nan. Ka ji? Kai ne shaida."

Ka ce, "Na ji, Inna."

Ba ta ƙara faɗa ba har ta bar duniya. Washegari ma cewa ta yi miyata ta yi gishiri kuma tafiyata kamar ta agwagwa. Amma ta faɗa sau ɗaya, kuma a gabanka. Daga ranar ba ta sake ɗaukar Tafiya ba, ƙirjinta ya daina kaiwa.

Kai kuma ka tafi ka zama abin da ka zama. Muna jin labarinka a rediyo. Yau kana wata ƙasa kana gaya wa mutane yadda muke numfashi, gobe an rataya maka lambar yabo. Ka bi zawiyoyi, ka bi masu niƙa da masu raino da masu tuƙa kwalekwale, duk wanda ya buɗe baki a ƙasar nan sai da ka zura masa gora. Wuyan ludayi ya cike, aka sa tabarau, aka sa sanƙo. Da Inna ta rasu ka zo gaisuwa ka fi 'ya'yanta kuka, sannan ka matso kusa da ni ka tambaya a hankali ko ta rera wani abu kafin rai ya fita, kuma da wane kari.

Bayan an share makoki na hau darduma. Babu wadda ta ce uffan, don babu wadda za ta iya kai Tafiya ƙofa sai ni. Auta, ƙanwar mijina, ta ɗan yi gunaguni wai gadon uwarta ne, amma Auta ko waƙar raino ta fara sai yaron ya ƙara kuka. Na ja baiti shekara da shekaru. Tsofaffin da suka san Inna suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata suka zama iyaye a gabana. Sunan Ƙyaure ya mutu, aka binne shi. Uwar Zama ake ce min. Ni ban riƙe sanda ba, ido kawai nake ɗagawa.

Sai bana aka ce za ka yi ritaya, jami'a za ta yi maka biki, kuma wai za ka mayar da amana ga masu ita. Duk muryoyin da ka kwasa za ka mayar wa iyalansu. Ka aiko mota har ƙofar gida. Na ce kai, ashe Ɗan Kaset ɗan halak ne.

Ɗakin taro cike, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Aka yi ta jawabi. Wani ya ce kai ne rumbu, wani ya ce kai ne gada, wani ya ce ba don kai ba da waƙoƙinmu sun mutu. Na duba jikina na ga da raina. Ka hau mumbari ka cire tabarau ka share ido, ka ce za ka sa wa jama'a muryar matar da ta mayar da kai mutum. Ka ce, "Yadda aka ɗauka haka za ku ji. A wannan aiki namu ba a yanke komai. Tari ma tarihi ne."

Ka danna.

Aka ji ɗan ƙugi, sai muryarka ta ɗan akuya tana tambayar wa zai gaji darduma. Na sunkuyar da kai tun kafin ta amsa. Sai ga Inna ta manyan lasifikoki, kowanne ya fi ƙofar ɗakina girma: "Wa? Wannan? Ƙyaure?"

Ɗalibanka suka kwashe da dariya. Da aka zo wajen kyanwa har da masu buga tebur. Da aka zo wajen mala'iku wani mai babbar riga a kusa da ni ya shaƙe da ruwan da yake sha. Matan zamanmu suna jere a bayana, ina jin idanunsu a ƙeyata. Kai kuwa ka lumshe ido kana gyaɗa kai, kamar zagin ma wani kari ne da ka gano asalinsa.

Sannan Tafiya ta fara, kuma wallahi duk da abin da aka yi min sai da na yi hawaye, don Inna Inna ce. Aka shiga jirgi, iska ta taso, tari, tari, ƙas. Ka buɗe ido ka ce, "A nan faifan ya ƙare. Sauran bai samu ba." Na zuba maka ido ina jira ka ce amma ga wadda ta ƙarasa, ga abin da marigayiya ta ce. Ka ce a tafa wa Inna. Aka tafa. Aka raba wa kowa abin a waya, kyauta, har da lemo.

Alhamis ta zagayo. Na yi alwala na shiga ɗaki, sai na tarar Auta ta riga ni. Ta jingina wayarta a matashina, a kan dardumata, ta haɗa ta da wata 'yar lasifika mai walƙiya ja da kore kamar motar biki.

Na ce, "Auta, mene ne wannan?"

Ta ce, "Inna ce, matar Yaya. Mai wuri ta dawo."

"Ɗauke min tarkacenki."

"Tarkace? Uwar tawa? Jama'a kun ji ko? Ai kowa ya ji da kunnensa abin da ta ce. Kyanwa ma tana gabanki a layi."

"Ta ce ni zan zauna. Bayan kaset ya tsaya ta faɗa."

"Oho, bayan ya tsaya. Ni ma bayan ya tsaya ta ce ta bar min gidan nan da rijiyarsa. Wa ya ji?"

"Farfesa ya ji."

"To me ya hana shi faɗa, ga lasifika a bakinsa?"

Ka ba ni amsar wannan, Farfesa, don ni ban samu ba. Na juya wajen maigidana, yana tsakar gida a kan kujerarsa. Ya ce waccan uwarsa ce, waccan ƙanwarsa, wannan matarsa, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Tun ranar waya ke jan baiti a gidanmu. Mata su zauna su kewaye ta suna amshi. Kuma da yake babban malami ya ce ba a yanke komai, kowane zama da zagina ake buɗewa. A yi bisimilla, a yi salati, sai "Wa? Wannan? Ƙyaure?" sannan a shiga bege. Yara sun haddace. In na fita sayen gishiri sai in ji ana "ƙiiii" a bayana. Inda Inna ta yi tari, yanzu mata sukan yi tari su ma, wai haka asalin yake. Ran nan ana tsakiyar daji caji ya ƙare, aka zauna jugum ana jiran a kawo wuta. Wani makon ana shiga jirgi sai kira ya shigo, mai gyaran firjin Auta ne, duk ɗaki aka ji ana cinikin gas.

Wannan duk zan iya haɗiyewa, na haɗiyi abin da ya fi shi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Tafiya. Kowace Alhamis sai sun ɗauko bawan Allah daga gidansa, su kai shi tsakiyar teku, iska ta taso, su yi tari, ƙas, su shafa fatiha su tashi. Na ce a bari in ƙarasa. Auta ta ce sauran ƙarin matar Yaya ne, littafin Farfesa ya ce bai samu ba, kuma ba a gyara wa mamaci waƙa. Yaran matan nan ba su taɓa jin ƙarshen a bakin Inna ba, sai suka bi bayan Auta.

Akwai Gwaggo mai wankau, tsohuwa tukuf, idonta ya tafi. Ita kaɗai ta rage cikin sa'o'in Inna. Ba ta taɓa fita daga garin nan ba, ba kuma za ta fita ba, ita ma ta sani. Wannan waƙa ita ce tafiyarta. Da can idan na kai ƙofa sai in ga ta zare silifas ɗinta a hankali ta ajiye gefe. Kwanakin baya ta laluba ta kamo zanina a bakin madafa, ta ce, "'Yar nan, yaushe za mu sauka ne? Na gaji da ruwan nan." Ta gaya wa matan cewa waƙar tana da ƙarshe, suka ce tsufa ne.

Shi ya sa na zo ofishinka. Ka tuna, ka taso da kanka ka ba ni kujera, ka sa aka kawo shayi. Bango duk kaset, daga ƙasa har rufi, kowanne da 'yar takarda a goshi kamar marasa lafiya a asibiti. Na ce ka nuna min namu. Ka ciro, na ce karanta min abin da ka rubuta. Ka karanta sunan Inna da na mahaifinta da na kakarta mai niƙa. Na ce ni fa? Ka ce, "Ga ki nan, Hajiya. Murya ta biyu."

Na ce, "Ka tuna abin da ya faru bayan zaren ya harɗe?"

Sai fuskarka ta yi haske. Ka ce, "Hajiya, ina zan manta? Zani mai ruwan ƙasa ne a jikinki. Kin ɗauka daga baitin iska, kin sauke karin ƙasa kaɗan saboda muryarki ta fi tata kauri. Ban taɓa jin an kai Tafiya ƙofa kamar ranar ba. Ina juya biro, kunnena yana wajenki."

"Da abin da ta ce bayan nan?"

"Ta ce ke za ki zauna. Ta ce ni ne shaida."

"To alhamdu lillahi. Taso mu je ka faɗa musu."

Sai ka mayar da tabarau. Ka haɗa yatsu. Ka ce, "Hajiya, a nan ne matsalar take. Ba ya cikin faifai."

"Yana cikin kanka."

"Kai ba hujja ba ne. Duk rayuwata ina kayar da ɗalibai a kan 'na tuna' da 'an ce'. In na tashi yau na ce na tuna, me zan ce wa waɗanda na kayar? Ni aikina in ajiye, ba in shiga tsakanin iyali ba. Mai bincike ba ya taɓa abin da yake bincike."

Ba ya taɓawa! Wa ya sauke agogo? Wa ya rufe zakara a kwando? Wa ya kwashi tsohuwa daga inda Allah ya ajiye ta ya raba ta a wayoyi har da lemo?

Ban gama huci ba sai na ga ka jawo aljihun tebur ka fito da wata 'yar na'ura kamar ashana. Ka ce tunda ga ni, me zai hana in rera maka sauran yanzu, kada ya salwanta. Na ce in na rera me za ka rubuta a goshinsa? Ka ce, "Ƙarin da aka samu daga baya, daga bakin matar ɗa." Na ce ka mayar da ashanarka.

Da na ba ka labarin wayar da ke kan darduma da matan da ke tari, na zaci kunya za ta kama ka. Sai ka miƙe zaune. Ka ce, "Suna tari? Dukansu? A daidai wurin?" Ka ce wannan abin sha'awa ne ƙwarai, ba a taɓa rubutu a kansa ba.

Kuma ka zo. Alhamis ɗin da ta wuce ina madafa, don yanzu can nake zama in an fara, na leƙo na gan ka a bakin ƙofa bayan labule, inda ka saba, sai dai yanzu an kawo maka kujera saboda gwiwa. Ka zuro ashanarka ta ƙasa kana ɗaukar mata suna yi wa kaset ɗinka amshi. Kana ɗaukar abin da ka ɗauka. Da aka zo zagina na ga ka duba agogo ka rubuta wani abu. Da za ka tafi ka leƙo madafa ka ce, "Hajiya, sannu da aiki," ka tambaya ko da sauran shayi.

To ka saurara, Ɗan Kaset, don ni da wannan sunan na san ka.

Rabin Tafiya yana bangonka, rabi yana ƙirjina, kuma ƙirjin nan ya fara irin tarin Inna. Ba zan rera wa ashanarka ko baiti ɗaya ba. A kan darduma aka ba ni, a kan darduma zan bayar, ga matan da za su zauna a damana su koya yadda na koya. In na tafi da shi, ka rubuta a littafinka na gaba cewa sauran bai samu ba, ka kuma rubuta wanda ya hana.

Inna ba ta ce rikodarka ce shaida ba. Rikodar tana kwance da hanjinta a waje. Kai ta kalla, kai ta kira, kai ka ce na ji. Ka ci abincin gidan nan, ka ci muryar gidan nan, ka yi bene da ita. Abu ɗaya tak tsohuwar ta ba ka ajiya wanda ba ya shiga kaset, shi ne ka riƙe ka ƙi mayarwa, ranar da ka tara duniya kana cewa kana mayar da amana.

Alhamis mai zuwa ka zo. Ka bar ashanar a mota, ka bar agogon, ka bar tabarau in ka ga dama. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga labule, a gaban Auta, a gaban maigidana da rediyonsa, a gaban Gwaggo mai wankau da ke zaune da silifas a ƙafa tana jira. Ka buɗe bakin nan da ya yi wa duniya bayanin numfashinmu, ka faɗi abin da Inna ta ce da wanda ta ce wa. In kuwa ba za ka faɗa ba, to ka zo duk da haka, ka dubi tsohuwar nan makauniya ka gaya mata da bakinka dalilin da ya sa ka bar ta a tsakiyar ruwa.